Gafakar Ɗalibi Tsakanin Pélébina da Parakou

Ɗalibin Hausa da ke Kano ko Zariya, in ya buƙaci Magana Jari Ce, sai ya taka zuwa kasuwa ko ɗakin karatun sashensa ya ɗauko. Takwaransa na arewacin Jamhuriyar Benin bai sami wannan gata ba. A nan Faransanci ne harshen makaranta da ofis, harshen Dendi shi ke cin kasuwa a Djougou, akwai kuma Yom da Lokpa da Fulfulde da Bariba kowanne da muhallinsa. Hausa tana raye a zango da tasha da masallaci da bakin mahauta, amma littafinta bugagge baƙo ne da ba a cika gani ba. Saboda haka duk wanda ya ɗauki nazarin Hausa da gaske a wannan yanki, ɗakin karatunsa yana cikin aljihunsa ne, kuma abin da ya zaɓa ya zuba littattafan a ciki shi zai yanke masa iyakar abin da zai iya karantawa.

Ni zamana ya kasu gida uku. Aikina yana Pélébina, kudu da Djougou a kan hanyar Bassila. Iyalina suna Djougou. Parakou kuwa, mai nisan sama da kilomita 130 daga Djougou, can nake zuwa lokaci-lokaci don in sami intanet mai ƙarfi da abokan tattaunawa a kewayen jami'ar garin, wadda aka kafa a 2001. Ina da wayar Android, da tsohuwar kwamfuta da ke zaune a gida, da kuma na'urar karatu mai allon tawada. Littafi ɗaya nakan fara shi a wannan, in ci gaba a waccan, in yi rubutu a kansa a ta ukun. Abin da zan faɗa a nan ya fito ne daga wannan kai-komo.

Hanyar da nake bi ba sabuwa ba ce ga littafi. Djougou, wadda fatake ke kira Zugu, zango ce a kan tsohuwar hanyar goro da ta haɗa ƙasar Hausa da Gwanja, kuma ayarin da ke sauka a unguwar Wangara bai rasa malami mai rataye da gafaka ba. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano ya zauna a Salaga ya kuma rasu a Kete-Krachi a 1934, ɗaya ne daga cikin malaman da fatauci da neman ilimi suka kai yamma. Littattafan irin waɗannan malamai warwatsattun takardu ne da ba a ɗinke ba, sau da yawa kuma ba lambar shafi. Dabarar marubutansu ita ce su rubuta kalmar farko ta takarda mai zuwa a ƙasan wadda aka gama, ta yadda ko iska ta hargitsa littafin, mai shi zai iya jera shi daidai. Nakan tuna wannan dabara a duk lokacin da na ga waya da na'ura suna gardama a kan inda na tsaya, domin matsalar guda ce: yaya za a san gurbin mai karatu a cikin rubutun da shafinsa ba tsayayye ba ne?

Kafin a kai ga wannan tambaya, akwai wadda ta gabace ta, wadda masu tallar na'urori ba su taɓa ambata. Shin na'urar ta san ɓ da ɗ da ƙ? Waɗannan haruffa masu lanƙwasa suna da gurbinsu a tsarin Unicode, haka ma ƴ da ake amfani da ita a Nijar a inda Nijeriya ke rubuta 'y. Sai dai samun gurbi daban, samun zane a cikin salon haruffan da na'ura ke amfani da shi daban. In salon bai ƙunshi harafin ba, ɗayan biyu ke faruwa. Ko dai a ga ɗan akwati fanko a tsakiyar kalma, ko kuma na'urar ta aro harafin daga wani salo, sai ƙ ta fito siririya a tsakanin haruffa masu kauri kamar baƙuwar akuya a garke. Na biyun ana iya haƙuri da shi. Na farkon kuwa ɓarna ce ga ɗalibi, domin bambancin kafa da ƙafa, ko bari da ɓari, ko daka da ɗaka, a kan wannan 'yar lanƙwasa ya rataya. Na'urar farko da wani ɗan'uwa ya kawo mini daga Kwatano irin ta farkon ce. Na buɗe Ruwan Bagaja a cikinta na tarar da shafi ya cika da ramuka, mai sayarwar kuma bai ga dalilin karɓarta ba tunda, a cewarsa, Faransanci na fita sarai.

Maganin wannan yana da sauƙi in na'urar ta yarda a ƙara mata salon haruffa. Charis SIL da Gentium da Andika, waɗanda cibiyar SIL ke rabawa kyauta, duk sun ƙunshi haruffanmu manya da ƙanana, haka ma Noto na Google. Suna kuma iya ɗora alamar karin sauti a kan wasali ba tare da ta zame gefe ba, abin da mai nazarin tsarin sauti ke buƙata ƙwarai, tunda misalan da ke cikin nahawun Paul Newman na 2000 da ƙamusunsa na 2007 da alamomin suke tafe. Na'urorin Kobo suna karɓar salon da mutum ya zuba musu ta kebul, Kindle ma ya buɗe wannan ƙofa tun 2018. Shawarata ga mai saye ita ce ya tafi da ɗan fayil a wayarsa, mai jimla guda da ta tattara haruffan nan duka, ya nemi a buɗe masa a na'urar kafin ya miƙa ko dala. Ya duba jikin rubutu, ya kuma duba jerin sunayen littattafai, domin sau da yawa salon da ya zaɓa a cikin littafi yake aiki kawai, sunan littafin a waje ya ci gaba da fitowa da ramukansa.

Akwai wata cuta da ba ta na'ura ba ce, ta fayil ce. Dubban takardun nazarin Hausa da ke yawo a tsakanin ɗalibai an buga su ne da tsofaffin salon haruffa na dabara, inda mai bugawa ke danna q ta fito a matsayin ƙ, x ta fito ɗ, v ta fito ɓ. A wani tsarin kuma alamomin baka ne ake ara. A kwamfutar da ke da wancan salo komai lafiya lau. Da zarar fayil ya bar gida sai asiri ya tonu, a ga qasa da xalibi da vangare. Manhajar Calibre, wadda Kovid Goyal ya ƙirƙira kuma ake samu kyauta, tana da editan da ke ba mutum damar musanya harafi da harafi a littafi gaba ɗaya. Amma aikin na buƙatar ido, domin q da x da v na gaskiya suna nan a sunayen marubutan Turai da jerin manazarta, kuma musanyar makanta za ta mai da su abin dariya. Ni nakan ware shafukan manazarta tukuna, in gyara sauran, sannan in bi sunaye ɗaya bayan ɗaya. Amfanin wannan wahala yana bayyana ranar da mutum ya nemi kalma, domin wanda ya rubuta ƙasa a gurbin bincike ba zai taɓa samun qasa ba, ko da ta zo sau ɗari a littafin.

Batun wace na'ura ta fi, wanda shi ne ɗalibai suka fi tambaya, bai kai waɗannan nauyi ba. Allon tawada ba ya cin wuta sai lokacin juya shafi, don haka caji ɗaya kan kai makonni, kuma ana karanta shi a tsakar rana ƙarƙashin mangwaro ba tare da an runtse ido ba. A wurin da wuta ke zuwa ta tafi ba sallama, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Yana kuma da wata falala da ba a rubuta a kwali: babu WhatsApp a cikinsa. Illarsa ita ce girma. Mai inci 6, wanda shi ne ya fi araha, ya dace da littafin EPUB da rubutunsa ke malala ya cika kowane allo. Mafi yawan abin da ɗalibin Hausa ke da shi kuwa PDF ne, kuma rabinsa hoton shafi ne da wani bawan Allah ya ɗauka da waya a ɗakin karatu, da inuwar yatsansa a gefe. Kundin digiri mai faɗin takardar A4 a kan allon inci 6 azaba ce. Mai inci 10 na warware wannan, sai dai kuɗinsa ya isa a sayi buhunan masara da dama, kuma allonsa na gilashi ba ya son ramukan hanya ko matsatsin motar haya. Wanda bai da hali, waya mai ɗan faɗi da ƙaramin faranti na hasken rana sun ishe shi fara aiki. Da babu gara ba daɗi.

To, sai daidaitawa. Abin da ake nufi da ita shi ne abubuwa uku da mutane kan cakuɗa: littafin kansa ya kasance a kowace na'ura, gurbin da aka tsaya ya bi mutum, sannan layukan da ya ja da bayanan da ya rubuta a gefe su ma su bi shi. Manyan kamfanoni sun yi alkawarin ukun duka, da sharaɗi. A tsarin Amazon, wanda suke kira Whispersync, littafin da aka saya a wurinsu ko aka aika ta hanyar Send to Kindle shi ke daidaituwa, kuma tun 2022 wannan hanya tana karɓar EPUB. Wanda aka zuba ta kebul yana zaune ne a na'urar kawai, waya ba ta san da shi ba. A Kobo, littafin da mutum ya zuba da kansa ba ya bin sa zuwa manhajar waya. Google Play Books yana barin a ɗora EPUB da PDF na kai, ya kuma riƙe gurbi da bayanai a tsakanin waya da kwamfuta. Dukansu an gina su ne bisa zaton cewa intanet tana nan kamar iska, ko'ina, ko yaushe, kuma kowace na'ura ta mutum ɗaya ce.

Zato na biyun nan ya fi na farko ba ni dariya. A gidanmu waya takan kwana a hannu uku. Ƙanena ya are ta ya buɗe Ganɗoki ya yi tsalle zuwa ƙarshe don ya ga yadda aka kwashe, sai manhajar ta rubuta cewa nan ne wuri mafi nisa da aka kai. Kwana biyu bayan haka, ina Parakou na kunna na'ura, sai ta tambaye ni cikin ladabi ko ina so ta kai ni shafin ƙarshe. Ko ba aron waya, ɗalibi ba ya karatu a miƙe kamar mai karanta labarin soyayya. Yana leƙa ƙarin bayani a baya, ya koma gabatarwa, ya duba manazarta. Manhajar da ke riƙe wuri mafi nisa an yi ta ne don wani irin mai karatu daban.

Inda na tsaya a ƙarshe shi ne KOReader, manhaja ce kyauta da masu sa kai ke ginawa, tana aiki a Android da Kobo da PocketBook da kwamfuta mai Linux, har da Kindle in an yi masa wata buɗewa da kamfanin bai amince da ita ba. Abubuwa uku suka ja ni gare ta. Tana yanke farin gefen shafin PDF, tana ma iya sake jera layukan hoton shafi su dace da ƙaramin allo, abin da ya ceci kundaye da yawa a hannuna. Tana karɓar ƙamus na tsarin StarDict, wanda ke aiki ba intanet. Sannan daidaitawarta ba ta aika littafi ko'ina, ɗan saƙo kawai take turawa mai cewa ga littafi kaza, ga inda aka tsaya, wanda ko da sanda ɗaya ta sabis yakan wuce. Tana gane littafi ne ta hanyar wani lissafi da take yi a kan jikin fayil, ko kuma ta sunansa in an zaɓi haka. Ma'anar wannan ita ce, in ka gyara ko da harafi ɗaya a kwafin da ke kwamfuta, mai yiwuwa ta ɗauke shi baƙon littafi. Don haka gyaran q da x da v ya kamata a gama shi kafin a raba fayil ga na'urori, ba bayan an raba ba.

Bayanan gefe su ne dukiyar da ta fi littafin tsada. Littafi in ya ɓata ana iya roƙon wani ya turo. Amma abin da na rubuta a gefen Shaihu Umar cikin damina biyu, inda na bi yadda Abubakar Tafawa Ɓalewa ke sarrafa lokutan aiki a cikin labari, babu wanda ke da shi a duniya sai ni. KOReader tana ajiye irin wannan a wata 'yar jaka kusa da littafin, kuma ana iya fitar da shi a matsayin rubutu zalla. Kindle yana tara nasa a fayil guda da ake iya kwafa ta kebul. Ni a duk ƙarshen mako da na isa Djougou nakan haɗa waya da kwamfuta a kan wifi na wayar kanta, manhajar Syncthing ta daidaita jakar littattafai da ta bayanai a tsakaninsu kai tsaye, ba tare da an taɓa data ba. Daga nan in kwafe komai a memori guda biyu, ɗaya ya zauna a akwatin mahaifiyata, wurin da babu yaron da ke da ƙarfin halin buɗewa.

Wani zai ce wannan tsoro ya yi yawa, tunda kamfani na ajiye wa mutum komai a rumbunsa. Tarihin 'yan shekarun nan bai goyi bayansa ba. A 2009 Amazon ya goge wasu kwafe na littafin George Orwell daga na'urorin waɗanda suka saya, saboda rikicin haƙƙin mallaka. A 2019 Microsoft ya rufe shagonsa na littattafai, littattafan da aka saya suka daina buɗuwa, aka mayar wa mutane kuɗinsu. A Fabrairun 2025 Amazon ya cire damar sauke littafin da aka saya zuwa kwamfuta don zuba shi ta kebul, damar da ta fi amfanar mai zama inda ba wifi. Wanda ya fi kusa da mu shi ne OkadaBooks na Nijeriya, inda marubutan Hausa da dama suke sayar da littattafansu, wanda ya rufe a ƙarshen Nuwamban 2023. Littafin da ke ɗaure da makullin kamfani, mai saye izinin karatu ya saya, kuma izini yana da mai shi. Wanda ya hau dokin aro, a tsakiyar hanya ma ana iya cewa ya sauka.

Wannan ba hujja ba ce ta cin haƙƙin marubuta, kuma a nan ina da ɗan saɓani da abokaina. Ana tura littattafan Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu da na matasan marubuta a zaurukan WhatsApp kamar ana rabon goron suna. Na fahimci uzurin ɗalibin da ke Pélébina wanda ko yana da kuɗin babu inda zai saya. Ban fahimci uzurin wanda marubuciya ta sa lambar asusunta a shafin farko, kuɗin bai kai na kati ɗaya ba, ya tsallake ya nemi na sata. Iyaka tana wahalar da biya, gaskiya ne, sefa da naira ba sa gaisawa cikin sauƙi. Amma 'yan canji da direbobin da ke zirga-zirga ta Nikki zuwa Nijeriya sun warware abin da ya fi wannan wuya.

Saura matsalar da babu manhajar da ta magance mini, wato lambar shafi. A EPUB shafi ba shi da tsayayyen jiki, in ka ƙara girman haruffa littafi mai shafi 100 ya koma 160. Malamin da ke duba aikinka kuwa yana son ya ga shekara da shafi na bugun da yake riƙe da shi, wataƙila na kamfanin NNPC na Zariya. Saboda haka littafin da zan kafa hujja da shi nakan ajiye shi iri biyu: EPUB don karatu da bincike, hoton bugaggen don ambaton shafi. A farkon kowane bayani da na rubuta kuma nakan sa kalmomi uku ko huɗu na farkon sakin layin, domin da su zan nemo wurin a kowane kwafi, ko an canza na'ura ko an canza manhaja.

Ajami kuwa har yanzu a matsayin hoto yake shiga gafakata. Rubuce-rubucen da Jami'ar Boston ta ɗauka ta ajiye a taskarta ta Ajamin Afirka ana iya sauke su, sai dai allon tawadar na'urata ba shi da launi, kuma jan tawadar da malamai ke yin wasali da ita sai ta koma toka-toka ta narke cikin baƙin. Waɗannan a waya nake duba su. Akwai salon haruffa na Alkalami da SIL ta zana bisa rubutun Kano, wanda ke sa Ajamin da aka buga da kwamfuta ya yi kama da na allo, kuma na gwada shi a EPUB ya fita da kyau a waya. A na'urar tawada ɗigon imala yakan ɗan kauce daga ƙarƙashin harafinsa in na rage girman rubutu, don haka waƙoƙin da nake kwafa daga hannun wani dattijo a zangon Djougou da manyan haruffa nake karanta su, baiti biyar a shafi.